Babur Na Fari Da Haƙƙin Da Ke Goye A Bayansa

Duk wanda ya san ƙasar Batsari da Safana, inda ƙauyuka suka warwatsu tun daga bakin kwalta har zuwa gindin dajin Rugu, inda kuma galibin hanyoyin da ke sada su da kasuwa da asibiti burtali ne da rairayi da mashigin rafi wanda mota ba ta iya ƙetarewa da damina, ya san cewa babur ya daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa ya shiga sahun kayan larura. Da shi ake kai buhun gero kasuwa, da shi ake ɗauko taki, da shi ake garzayawa da mai naƙuda, da shi kuma malamin makaranta ke isa ajinsa kafin rana ta take. Saboda haka babu mamaki idan saurayi, da zarar ya ga amfanin gonarsa na farko a rumbu, ya kasance ba shi da abin da ke kwana a ransa kamar ranar da zai shigo da nasa mashin ƙofar gida. Wannan buri halal ne, babu mai zarginsa a kai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lissafin da ake yi gabanin sayen, domin na lura ana ƙirga kuɗin babur, ana ƙirga la'adar dillali da kuɗin mai, amma ba a cika ƙirga haƙƙin mutanen da babur ɗin zai riƙa ratsawa ta tsakaninsu ba, alhali kuwa shi ne mafi nauyi a cikin lissafin, duniya da lahira.

Bari mu fara da zaɓen babur ɗin kansa, tunda shi ne abin da saurayi ya fi ɗokin ji. Ƙuruciya ido take bi, tana duban launi da ƙarar salansa da yadda allura ke hawa in an murɗa. Hankali kuwa tambaya uku yake yi, watau ina za a bi da shi, me za a ɗora masa, kuma wa zai gyara shi ranar da ya tsaya. Ba don kyau ba ne Boxer na kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ya cika tashoshin 'yan acaba a Arewa. Dalilinsa ƙarancin shan mai ne, da doguwar kujera mai ɗaukar goyo da kaya, da kuma cewa da wuya a sami garin da bakanikensa bai san cikinsa ba ko mai shagonsa ba ya ajiye kayan gyaransa. Akwai TVS, shi ma na Indiya, akwai na ƙasar Sin irin su Jincheng da Haojue, akwai kuma roba-roba, wanda ya dace da ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari, amma yake shan wahala a rairayi saboda kusancin cikinsa da ƙasa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, shan mai ya zama tambaya ta farko a bakin kowane mai saye, kuma da faɗuwar darajar naira kuɗin sabon Boxer ya haura miliyan ɗaya. Wanda ya tsallake ƙaramin inji ya nemi babba mai gudu tun hannunsa bai nuna ba, ya haɗa israfi da ganganci, sa'an nan a wannan yanki ya jawo wa kansa ido biyu, na ɓarayin daji da ke kwaɗayin irin wannan mashin da na jami'an tsaro da ke zargin mai hawansa.

Da yake sabo dal ya fi ƙarfin yawancin samari, na hannu shi ne rabon mafi yawa, kuma a nan ne tadbiri ya wajaba. Kada saurayi ya je ciniki shi kaɗai. Ya tafi da bakaniken da ya yarda da amanarsa, wanda ba shi da kaso a cikin la'ada. A tayar da injin da sanyinsa, domin mai wayo yakan ɗumama shi kafin mai saye ya iso don kada a ji gardamar tashinsa. A sa tafin hannu kusa da bakin salansa a ga ko hayaƙin yana barin baƙin maiƙo, a durƙusa a duba gindin inji ko yana zufar mai, a ja sarƙa da yatsa a ga iyakar sakinta, a kama ƙafar gaba a girgiza, a dubi ƙarfen jiki ko akwai tabon walda da aka rufe da sabon fenti. Bayan wannan duka sai a goge ƙura daga lambar inji da lambar jiki, a karanta su harafi bayan harafi a gwada da abin da ke cikin rasiti, kuma idan aka ga alamar an kankare lamba an sake bugawa, to a yi sallama a tashi komai arahar kuɗin.

Wannan tsanantawa a kan takarda tana da dalili wanda mutumin Batsari da Safana ya fi kowa sani. Babur shi ne abin hawan masu satar shanu da garkuwa da mutane, shi ya sa a ƙarshen watan Agusta na 2021, lokacin da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro, da yawa daga cikin sharuɗɗanta a kan babur suka faɗa: an hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, an hana mutum uku hawa babur ɗaya, an hana sayar da fetur a jarka, an kuma ƙarfafa hana 'yan haya fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. A irin wannan hali, saurayin da aka tare a shinge da mashin marar lamba, marar rasiti, wanda bai iya faɗin sunan wanda ya sayar masa ba, ya sa kansa a cikin tuhumar da ta fi asarar babur muni. Ta fuskar shari'a ma hukuncin a bayyane yake, domin kayan sata ba ya zama halal saboda an biya kuɗinsa, kuma ranar da mai shi ya zo da hujja zai karɓi abinsa, mai saye ya koma neman dillalin da wataƙila ya riga ya ɓace. Don haka a yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta takardar sayarwa da sunan mai sayarwa da garinsu da mai unguwarsa, a kuma je ofishin lasin a yi rajista a ɗauro lamba.

Haka nan wanda zai karɓi babur daga hannun mai gida a kan ya riƙa kawo balas kullum ko mako-mako har ya zama nasa, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta jimillar kuɗin, da wa'adi, da wanda gyara ke wuyansa, da abin da za a yi idan rashin lafiya ta kwantar da mahayi, musamman kuma a rubuta wanda zai ɗauki asara idan aka tare hanya aka ƙwace mashin ɗin, domin wannan gaɓa ita ce wadda kunya ke hana a ambata ranar ƙulla magana, ita ce kuma ke raba zumunci ranar da abin ya auku. Sai batun iya tuƙi. Dokar ƙasa ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya hau titi da babur, kuma ta ware wa masu babur lasin nasu na rukunin A. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009, kuma masu shekaru suna tune da yadda waɗansu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. An yi dariya a lokacin, amma ƙwarya ba ta taɓa tare kwalta ba, kuma karayar ƙafa tana da mai ɗori, fashewar kai kuwa sai wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo.

Yanzu sai mu zo ga mas'alar da ta fi damuna. Malamanmu na zaure, waɗanda suka gaji karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shehu Halil tun kaka da kakanni, ba su taɓa ɗaukar hawan dabba abin da babu hukunci a kansa ba. A mazhabar Imamu Malik, wanda ke bisa dabba, da wanda ke janta, da wanda ke korarta daga baya, lamunin abin da ta tattake yana wuyansu. Idan kuwa haka hukuncin yake ga doki, wanda yake da nasa rai da nasa halin, to ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai da murɗawar hannun mai shi? Wanda ya kashe rai bisa kuskure, shari'a ta ɗora diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, ta kuma ɗora masa kaffara, wadda a zamaninmu ta tsaya a kan azumin wata biyu a jere. Gaɓoɓi ma kowace da nata kaso, dukiyar da aka lalata kuwa mai ɓarna ne zai biya daga aljihunsa. Da yake Mai shari'a ya san cewa mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar diyyar rai ba tare da ya durƙushe ba, kuma ba ya son jinin bawansa ya tafi a banza, sai ya raba nauyin a kan aƙila, watau dangin mai kuskure ta wajen uba, su biya a hankali cikin shekara uku, kuma a wurin Malikawa duk abin da ya kai sulusin diyya su ne ke ɗauka.

To, ina aƙilar saurayin Batsari ko na Safana a yau? Dangin da dukiyarsu shanu ce an kore shanun. Waɗanda suka yi saura da wani abu sun sayar sun biya kuɗin fansa. Ƙauyuka irin su Tsauwa da Dankar, inda aka kashe kimanin mutum 30 a watan Fabrairu na 2020, shaida ne a kan abin da yankin ya gani, kuma gidaje da yawa sun watse, wasu suna cikin garin Batsari, wasu Katsina, wasu Dutsinma, wasu har sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Dangi suna nan da sunansu da tausayinsu, amma hannunsu babu komai. Abin da ke faruwa a madadin haka kowa ya sha gani. Mashin ya buge yaro a bakin kasuwa, a taru a zauren mai gari, mahaifin mahayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi mana haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa," dattawa su sa baki, uban yaro ya dubi fuskokin da ya girma a gabansu ya ce ya yafe, a shafa fatiha a watse. Kwana kaɗan bayan haka, lokacin da asibiti a Katsina ya rubuto kuɗin aiki, ko aka ce sai an wuce asibitin ƙashi na Dala a Kano, shi wannan da ya yafe shi ne zai kai awakinsa kasuwa ya jinginar da gonarsa. Yafiya ɗabi'a ce ta mutanen kirki kuma ladanta yana wurin Allah, amma yafiyar da kunya ta tatso daga bakin wanda ya san ko ya nema ba za a samu ba, ban ga yadda za ta sauke nauyi daga wuyan mai laifi ba.

A wannan giɓi ne inshora ta shigo, ko da yake mutanenmu sun fi saninta a matsayin takardar da ake nuna wa ɗan sanda. Tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa dokar da ta wajabta wa duk mai abin hawa a Nijeriya ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna, kuma babur yana ciki. A tsarin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023, mai babur zai biya naira 3,000 a shekara, kamfani kuma ya ɗauki ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 1, ƙari a kan abin da zai biya na rauni ko rasa rai. Mai keke Napep 5,000, mai ƙaramar mota ta gida 15,000. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tsananta binciken wannan takarda a faɗin ƙasa. Mai karatu ya auna da kansa: kuɗin shekara guda bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Na san akwai mai cewa malamai sun haramta inshora, kuma maganarsa ba ta rasa tushe ba, bai kamata a yi mata izgili ba. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci, yadda kamfanoni suka saba yinta, tana ɗauke da garari mai yawa wanda ke ɓata ciniki, tunda mai biya bai san ko zai karɓa ba, bai kuma san nawa ba. Ga kuma shubuhar riba a inda ake juya kuɗin. Waɗansu manyan malamai, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na ƙasar Sham, sun saɓa wa wannan ra'ayi sun halatta, waɗansu kuma sun yi rangwame ga abin da hukuma ta tilasta saboda larura. Amma abin lura shi ne, ita wannan majalisa da ta hana, a cikin hukuncin nan nata ta nuna mafita, watau inshorar taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar duk wanda musiba ta faɗa wa a cikinsu a ɗauke masa, kamfani kuwa wakili ne mai karɓar ladan aikinsa, rarar da ta saura kuma a mayar wa masu asusu. Wannan shi ne takaful. An fara shi a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 aka ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin yin sa a Nijeriya. Saboda haka wanda taƙawa ce ta hana shi, ga ƙofa a buɗe. Wanda kuwa ya fake da fatawa alhali ko neman halal ɗin bai yi ba, ya binciki zuciyarsa ko tsoron Allah ne ko ƙyashin naira dubu uku.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi a wurin talaka, ita ce cewa ana biya amma ba a taɓa ganin wanda aka biya ba. Gaskiya ne kamfanonin sun taru a manyan birane sun bar karkara, gaskiya ne kuma hanyar neman haƙƙi tana da tsawo ga wanda bai yi boko ba. Sai dai babban sashe na wannan ƙorafi ya samo asali ne daga takardun bogi da 'yan cuwa-cuwa ke bugawa a gefen ofisoshin lasin, waɗanda babu kamfanin da ya san da su, balle ya biya a kansu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda mutum zai sa lambar babur ɗinsa ta waya ya ga ko takardarsa ta gaske ce, kuma bai kamata saurayi ya bar wurin da ya biya ba sai ya ga sunansa ya fito. Wajibi ne kuma ya faɗi gaskiya ranar cike takarda: idan haya zai yi ya ce haya, ya tambaya ƙarara ko fasinjan da ya goya yana cikin waɗanda za a biya, domin wanda ya ɓoye aikin da yake yi da mashin ya ba kamfani hujjar guje masa. Idan haɗari ya auku, a kai rahoto ga 'yan sanda, a ɗauki hoto, a adana rasitin asibiti, a sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba, idan kuma kamfani ya yi taurin kai NAICOM tana karɓar ƙara.

Amana ta sa in faɗi abin da wannan takarda ba ta yi. Ba ta biyan mahayi raunin jikinsa, ba ta gyara masa babur, ba ta mayar masa da shi idan an sace ko an ƙwace, kuma babu kamfanin da zai yi wa mutum azumin kaffara. Inshorar da ta haɗa da sata ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma irin waɗannan yarjejeniyoyi sun saba togace yaƙi da ta'addanci da tarzoma, don haka mutumin da hanyarsa ta bi ta garuruwan yankin nan irin su Runka ko Wagini ya wajaba ya tambaya a rubuce ko ƙwacen 'yan bindiga yana ciki kafin ya miƙa kuɗinsa. A nan ne nake ganin aiki ya rage wa ƙungiyoyin 'yan acaba na tasha-tasha. Littattafan fiƙihu sun ambaci cewa tun zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, mutanen da diwani ɗaya, watau rajistar masu karɓar rabo daga baitulmali, ya tara sukan ɗauki diyyar junansu ko da ba dangi ba ne, kuma Shehu Halil ya gabatar da mutanen diwani a cikin jerin aƙila. 'Yan tasha ɗaya, waɗanda dama suna biyan kuɗin tikiti kullum, suna kuma yin adashe a tsakaninsu, su ne mafi kusa da wannan siffa a zamaninmu. Da za a ware wani kaso sananne daga abin da ake karɓa, a buɗe masa asusu da littafi, a sa limami da wakilin hakimi su riƙa duba lissafin a bainar jama'a, da an sami abin da za a tallafi wanda aka ƙwace wa mashin ko wanda ya karye, da kuma ƙungiya ta sami bakin da za ta je wa kamfanin takaful da shi a yi wa 'ya'yanta rajista a dunƙule.

Kirana ga fadar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yariman Katsina a Safana, da limaman Juma'a na ƙananan hukumomin biyu, shi ne su mayar da wannan batu abin tattaunawa a majalisa da mumbari, domin babin diyya da lamuni yana cikin littattafan da ke kan buzayenmu, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗauko shi ya ɗora a kan titi. Kamfanonin takaful kuma su sani cewa amana ba ta zuwa ta talla a rediyo. Su naɗa wakilai a waɗannan garuruwa, su rubuta sharuɗɗansu da Hausa, su biya haƙƙin mutum ɗaya a idon jama'a, za su ga yadda labari ke tafiya a kasuwa. Kai kuwa uba, ko wa, ko kawu, da za ka cika wa yaro kuɗi, kada ka miƙa masa makulli sai ka ga rasiti da lamba, ka ga lasin da hular kwano, ka ga takardar inshora wadda aka tabbatar da ingancinta. Wanda kuɗinsa ya isa babur amma bai isa waɗannan ba, to kuɗinsa bai isa babur ba tukuna, sai ya ƙara haƙuri zuwa kaka mai zuwa. Allah ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya dawo da aminci ƙasar Katsina baki ɗaya.